Raket biyu da na kai Maraɗi

Da asubar fari motarmu ta tashi daga Yamai, cikin sanyin watan Janairu, ina zaune a gefen taga rungume da wata doguwar jaka wadda na hana yaran mota su cusa ta cikin kaya. Raket biyu na wasan tanis ne a cikinta, da gwangwani huɗu na ƙwallaye, saƙon da kawuna ya yi mini tun bayan babbar salla, amma ban samu sukunin kai masa ba sai da aka ba ni hutun kwana huɗu a wurin aiki. Tafiyar ta fi kilomita 600, kuma duk wanda ya saba bin wannan hanya ya san garuruwanta kamar yadda ya san ɗakunan gidansu: Doso da hantsi, Dogon Dutsi, sai Birnin Ƙonni inda muka yi salla muka ci abinci, sannan Galmi da buhunan albasarta jibge a bakin gudoro, Madawa, Gidan Rumji. Hazo ya lulluɓe gonakin da aka riga aka girbe, babu abin gani sai karan gero da awaki suna kiwo a cikinsa. Rana ta yi ja lokacin da muka wuce Tibiri, ana kiran magariba muka shiga Maraɗi.

Ɗan kabu-kabu ya kai ni unguwar Zariya, gidan da na zauna shekara huɗu ina karatun kwaleji. Kawu tsohon malamin lakwal ne, ya koyar fiye da shekara talatin kafin ya yi ritaya, har yau kuma Mushe rabin unguwar ke ce masa, har da waɗanda suka yi furfura. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mahaifiyata da yara da gajiyar hanya, Inna ta kawo ruwa da fura. Sai da aka yi isha'i aka ci tuwo sannan ya ce, "To ɗana, ina saƙona?" Ya zaro raket ɗaya ya auna nauyinsa a hannu, ya buga zarensa a tafin hannunsa na hagu ya kara kunne yana sauraren ƙarar, kamar yadda mai garaya ke yi kafin ya fara kiɗa. Sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi hoton da ke manne a bangon ɗakin, wanda na tarar da shi a wurin tun ina yaro. Hoto ne da aka yanko daga wata mujalla, ya koɗe har ya koma ruwan ƙasa: wani dogon saurayi baƙi, gashinsa a tukke, ya zube a kan gwiwoyinsa bisa jar ƙasa, hannuwansa a sama.

Yannick Noah ne, ranar Lahadi 5 ga watan Yuni na 1983, a filin Roland Garros da ke Paris, a wasan ƙarshe na babbar gasar tanis ta Faransa. Kawu bai ga wasan da idonsa ba a ranar. Yana sabon malami a wani ƙauye ta wajen Madarunfa, ana jiran ruwan shuka, shi da abokin aikinsa suka rataya rediyo a reshen dogon yaro suna kama tashar Faransa, murya tana zuwa tana ɗaukewa. Ya ce a lokacin bai san yadda ake ƙidayar wasan ba, bai taɓa riƙa raket ba, abin da kawai ya fahimta shi ne wani ɗan Kamaru yana gaban dubban Turawa a babban birninsu, su kuma suna kiran sunansa. Da damina ta wuce ya koma gari sai ya nemi wani ma'aikaci da ya iya wasan ya koya masa, daga nan ne abin ya shiga jininsa, ni ma daga hannunsa na koya.

A wannan dare ya sake ba ni labarin tun daga tushe, ko da yake na sha jin sa, ni ma kuma na karanta nawa daga baya. An haifi Noah ranar 18 ga Mayu, 1960, a garin Sedan da ke arewacin Faransa. Mahaifinsa, Zacharie Noah, ɗan Kamaru ne mai tsaron baya a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garin, kuma yana cikin waɗanda suka ci kofin Faransa a 1961. Mahaifiyarsa, Marie-Claire, Bafaranshiya ce malamar makaranta. Rauni ya raba uban da ƙwallo tun da sauran ƙarfinsa, sai ya kwashe iyalinsa a 1963 suka koma Yawunde, inda yaron ya tashi, ya fara buga tanis da wani katako da aka sassaƙa. A 1971 Arthur Ashe, baƙar fatan Amurka wanda ya riga ya ci babbar gasar ƙasarsu a 1968 da ta Ostireliya a 1970, ya zo rangadin ƙasashen Afirka tare da wasu abokan wasansa. A Yawunde aka fito da yara su buga da baƙin, a cikinsu akwai wani siririn yaro ɗan shekara goma sha ɗaya wanda bugunsa ya tsayar da Ashe. Ya ba shi raket kyauta, sannan ya yi magana da Philippe Chatrier, ɗaya daga cikin jagororin hukumar tanis ta Faransa, wanda yau babban filin Roland Garros ke ɗauke da sunansa. Shekara ta zagayo, yaron ya tsinci kansa a birnin Nis, a makarantar kwana inda ake haɗa karatu da horon wasa.

Da safe na fita zaga gari, domin shekara uku rabona da shi. Na bi ta babbar kasuwa, inda har yanzu naira da sefa ke canza hannu a wuri ɗaya, na gangara tsohon gari ta ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, na tsaya ina hangen kwarin Gulbi, wanda ambaliyarsa ta 1945 ce ta sa aka hau da garin kan tudu. A kan hanyar dawowa na ratsa ta filin kokowa mai ɗauke da sunan Kantu, ɗan wannan yanki da ya fara ɗaukar takobin ƙasa a 1975. Yara sun yi da'ira a kan rairayi a wajen filin suna gwada juna, babu wanda ya tara su, babu wanda ya saya musu komai. Na tsaya na daɗe ina kallonsu, domin a nan ne bambancin wasannin biyu yake a fili. Ɗan kokowa yana da hanya shimfiɗaɗɗiya daga dandalin ƙauyensu zuwa gunduma, zuwa jiha, har zuwa takobi, kuma a kowane mataki akwai idanun manya da suka san abin da suke nema. Yaron da ya iya tanis a Maraɗi kuwa zai iya girma har ya yi aure ba tare da wani wanda ya san wasan ya taɓa ganinsa ba.

Bayan la'asar Kawu ya ɗauki sandarsa muka nufi filinsa. Wani fili ne a bayan katangar wata makaranta, wanda shi da yaran suka share, suka zuba jar marmara suka daɓe, suka ja layuka da toka. Ragar kuwa tsofaffin gidajen sauro ne aka ɗinka aka ɗaure a jikin turaku biyu. Yara goma sha uku na ƙirga, huɗu daga cikinsu mata. Raket na gaske guda uku gare su, dukkansu an sha ɗaure zarensu da igiyar kamun kifi, saura kuma katako ne da wani kafinta na unguwar ya yanka musu, mai faɗi da ɗan mariƙi, wanda in ka hango daga nesa sai ka ce allon karatu ne. Da na buɗe jaka suka yi tsit, aka kewaye ni, kowa yana so ya taɓa, Kawu kuma ya kafa doka nan take cewa sababbin raket na kowa ne, bi da bi, kuma a ɗakinsa za su riƙa kwana.

A cikinsu akwai wani bahago, ɗan shekara goma sha ɗaya, ɗan wani mai gyaran babur, wanda bai yi rububin taɓa raket ba sam. Da aka zo kansa ya karɓa, ya buga sau biyu ƙwallo ta wuce katanga, domin hannunsa ya saba da katakon da ba ya mayar da ƙwallo sai an sa ƙarfi. A bugu na biyar ya gane nauyin abin. Na shiga na buga da shi, kuma shekara ashirin ina wannan wasa a Yamai amma ban cika ganin ƙafafu irin nasa ba: kafin ƙwallo ta bar raket ɗina ya riga ya san inda za ta sauka, kuma ba ya jira a baya, da ya ga dama sai ya taho raga ya tare ta tun ba ta taɓa ƙasa ba. Babu wanda ya koya masa haka. Kawu yana zaune a kan kujerarsa bai ce uffan ba, sai dai na ga yana kallona maimakon ya kalli yaron.

A hanyar gida na ce masa, cikin jin daɗi, ga shi mu ma mun yi irin ta Ashe, mun ba mai katako raket. Kawu ya tsaya cak a tsakiyar hanya ya dogara sandarsa. Ya ce, "Ɗana, a nan ne kowa ke kuskuren labarin nan. Kowa raket yake tunawa, saboda shi ne ke da daɗin faɗi. Baƙi nawa suka zo Afirka suka raba raket da riguna, aka ɗauki hoto, suka hau jirgi? Da a nan Ashe ya tsaya, da yaron ya buga har zaren ya tsinke, ya koma katakonsa. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki waya ya kira wanda ke da iko, ya sa sunansa da mutuncinsa a kan ɗan wani." Ya kuma tuna mini cewa Ashe bai saki yaron ba bayan haka, domin a 1978, Noah yana ɗan shekara goma sha takwas, shi Ashe da ya ci Wimbledon, babbar gasar Ingila, a 1975 ya ɗauke shi abokin wasa suka buga wasan bibbiyu tare a wannan gasa. Maganar ta zauna mini, domin na san gaskiya ce, kuma na san cewa na taho Maraɗi ne da tunanin saƙona ya ƙare daga lokacin da na miƙa jakar.

Kashegari da dare muka tara yaran a tsakar gida, na jingina wayata a jikin kwano, na nemo musu wasan 1983 a YouTube. Sai da Kawu ya fara yi musu bayanin ƙidaya: a irin wannan gasa namijin da ya fara cin zango uku shi ya yi nasara, kowane zango kuma sai an kai shida da ratar biyu, idan aka yi kunnen doki shida da shida sai a yi bugun raba gardama. Ya gaya musu cewa jar ƙasar da suke gani garin jan bulo ne da aka niƙa aka shimfiɗa, kuma tana rage wa ƙwallo gudu, shi ya sa masu haƙurin tsayawa a baya suna mayarwa suka fi cin riba a kanta. Abokin karawar Noah a ranar, Mats Wilander ɗan Suwidin, shi ne sarkin wannan haƙuri: yana ɗan shekara goma sha bakwai ya ci gasar a 1982, ya dawo yana kare kofinsa. Noah kuwa, mai tsawon mita ɗaya da santimita 93, ya zo da akasin abin da ƙasar ke so. Yakan saki bugun farko mai ƙarfi ya bi shi da gudu zuwa raga, ya yi tsalle ya dankwafe ƙwallon da aka ɗaga masa, ya yi shawagi ya faɗi ya tashi jikinsa duk ja. Zango ɗaya tak ya rasa a cikin mako biyu na gasar, shi ma a hannun Ivan Lendl ne a zagayen 'yan takwas, inda ya rufe wasan da shida da babu.

Yaran suka yi shiru suna kallo, fuskokinsu a hasken wayar. Zangon farko shida da biyu, na biyu bakwai da biyar, na uku ya kai ga raba gardama. Da Wilander ya mayar da ƙwallon ƙarshe ta wuce layi, Noah ya zube a kan gwiwoyinsa, sai wata yarinya ta nuna ɗakin Kawu ta ce, "Mushe, hoton nan ne!" Daga nan aka ga wani mutum ya diro daga wurin 'yan kallo ya ruga cikin fili, suka rungume juna suna kuka. Kawu ya ce musu mahaifinsa ne, wanda rauni ya hana shi ƙarasa nasa wasan shekara ashirin kafin nan. Rabon da wani Bafaranshe ya ci wannan kofi tun Marcel Bernard a 1946, shekara 37 ke nan, kuma daga ranar har zuwa yau babu wani namiji ɗan Faransa da ya sake cin ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na duniya a wasan ɗaiɗai. Na kalli wannan wasa ya fi sau goma, amma ban taɓa jin nauyinsa kamar a wannan dare ba, a tsakar gidan da ake jin ƙamshin hayaƙin murhu, ga kuma bahagon nan a gaba yana motsa hannu duk lokacin da Noah ya tunkari raga.

Mahaifiyar yaron tana cikin matan da suka leƙo kallo, tana zaune a tabarma kusa da Inna. Da aka watse ta matso ta gaida Kawu, ta ce, "Mushe, na ji ka ce yana ɗan shekara nawa aka kai shi can?" Ya ce goma sha biyu. Ta ce, "Shi kaɗai, uwarsa tana Kamaru?" Ya ce haka ne. Ta jinjina kai ta ce ko almajirin da ake turawa Kano ko Zariya, hannun malamin da aka sani ake damƙa shi, kuma da damina yakan dawo gida noma. Kawu bai yi mata musu ba, kuma na girmama shi a kan haka, domin bai ɓoye mata sauran labarin ba. Noah da kansa ya sha faɗin irin kaɗaicin da ya sha a makarantar kwana ta Nis, yaron da ya tashi cikin dangi da rana ya koma ɗaki cikin sanyi. Kuma bayan nasarar 1983, lokacin da duk Faransa ke ɗauke da shi a ka, sai ya faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani, irin ciwon damuwar da mu nan ba mu cika ba shi suna ba. Kafin shekarar ta ƙare ya fito gaban 'yan jarida ya faɗi halin da yake ciki, sannan ya tattara ya koma New York da zama, inda zai iya tafiya a titi ba a tare shi ba. Yana ɗan shekara 23 ya kai inda aka shafe shekara goma sha biyu ana tura shi, da ya isa kuma bai tarar da wanda ya gaya masa abin da ake yi bayan nan ba.

Wannan tambaya ta matar ta hana ni barci da wuri. Ba na jin akwai wanda ya isa ya ce wa uwa ta saki ɗanta don wasa, kuma ban ga laifin tsoronta ba ko kaɗan. Abin da na gani shi ne, tsakanin a bar yaro da katakonsa da a ɗauke shi a kai shi wata duniya akwai matakai da yawa, kuma na farkonsu bai wuce wani wanda ya san wasan ya zo ya gan shi ba.

Noah bai sake cin babbar gasa a wasan ɗaiɗai ba, shi ya sa wasu ke cewa bai cika alkawarin da aka gani a tare da shi ba. Alƙaluman ba su nuna rago ba: kofi 23 a wasan ɗaiɗai da 16 a na bibbiyu, ciki har da Roland Garros na 1984 tare da Henri Leconte, a 1986 ya kai na uku a duniya a ɗaiɗai, na ɗaya a bibbiyu, a 1990 ma ya kai wasan kusa da na ƙarshe a Ostireliya. Amma ni da Kawu mun yi ittifaƙi, a ranar ta uku muna shan shayi a zaure, cewa babban aikinsa ya zo ne bayan ya ajiye raket ya zauna a kujerar kyaftin. A 1982 yana cikin 'yan wasan Faransa da Amurka ta doke a wasan ƙarshe na kofin Davis, gasar da ƙasashe ke karawa, inda John McEnroe ya kayar da shi bayan zango biyar. A 1991 aka ba shi jagorancin ƙungiyar, suka sake haɗuwa da Amurka a wasan ƙarshe a birnin Liyon, ga Andre Agassi ga Pete Sampras. Leconte a lokacin ya fito daga aikin tiyata a baya, ya faɗo har ba ya cikin ɗari na farko a duniya, mutane da yawa sun cire rai da shi. Noah ya kira shi ya ce da shi za a yi. Leconte ya doke Sampras zango uku a jere, shi da Guy Forget suka ci wasan bibbiyu, Forget ya ƙarasa Sampras a rana ta uku, Faransa ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1932.

Kawu ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ka gani? Abin da aka yi masa a Yawunde shi ya yi wa Leconte. Ya ga abin da wasu ba su gani ba, ya sa sunansa a kai." Noah ya maimaita haka a 1996 a Suwidin, inda Arnaud Boetsch ya tsallake rijiya da baya sau uku kafin ya ci wasan da ya raba gardama, a 1997 ya jagoranci matan Faransa suka ci kofin duniya na ƙasashe karo na farko a tarihinsu, bayan shekara ashirin kuma, a 2017, bayan an sake kiransa, ya ɗauko kofin Davis na uku a hannunsa, a kan Beljiyam. A 1996 ya kafa ƙungiyar Fête le Mur, wadda ke kai tanis unguwannin talakawa na biranen Faransa, bayan wadda suka kafa shi da mahaifiyarsa a 1988 don yara marasa galihu. Ya yi suna a waƙa har ya cika babban filin wasa na Faransa a 2010, ɗansa Joakim ya zama tauraron ƙwallon kwando a Amurka, amma waɗannan ba su cika damun Kawu ba. Abin da ya fi ambata shi ne bayan rasuwar mahaifin a 2017 Noah ya koma yana yawan zama a Yawunde, ya karɓi sarautar gargajiya ta danginsu a unguwar Etudi. Ashe bai ga yawancin wannan ba, domin ya rasu a watan Fabrairu na 1993, amma ya ga 1983, ya kuma ga 1991.

Da yammacin ranar muka koma fili. Kawu ya sa na ɗauki bahagon a waya yana bugawa, minti goma da raket, minti biyar da katakonsa, ya kuma sa na ɗauki ɗaya daga cikin 'yan matan wadda bugunta na baya ya fi na kowa tsabta. Mahaifin yaron ya baro garejinsa ya zo ya tsaya a bakin katanga, hannuwansa duk baƙin mai, ya kalla har aka gama. Ya ce shi ba ya hana a gan shi, amma karatu ba zai tsaya ba, kuma ba inda za shi sai uwarsa ta yarda. Kawu ya ce wannan shi ne sharaɗinsa shi ma.

Da dare na tarar da Kawu a ƙarƙashin fitila yana rubutu a takardar makaranta mai layi, da irin rubutun nan nasa na malaman da, wanda ba ya karkata. Wasiƙa ce da faransanci zuwa ga mai horar da yara a filin da nake bugawa a Yamai, mutumin da bai taɓa gani ba, yana roƙonsa ya zo Maraɗi a hutun makaranta mai zuwa ko da na kwana biyu ne, masauki da abinci a gidansa. Ya naɗe ta ya miƙo mini ya ce, "Kada ka aika masa hotunan ta waya ka ce ka gama. Ka kai da ƙafarka, ka zauna kusa da shi har ya kalla, ka ce kai ka gan shi da idonka, kai ka tsaya masa." Na ce, "To, Kawu, in Allah ya yarda." Ya ce kuɗin motar mutumin fa? Na ce wannan a kaina yake.

Da asuba Inna ta ɗaura mini ƙulli-ƙulli da yajin da za a kai wa mahaifiyata. Ina fitowa zaure na tarar da yaron a tsaye cikin sanyi, ya lulluɓa da zanen uwarsa, yana riƙe da katakonsa. Ya durƙusa ya gaishe ni ya ce, "Baba, Mushe ya ce a nuna wa malamin wannan, amma a dawo mini da shi." Mariƙin ya yi santsi ya yi baƙi saboda gumi, gefe ɗaya ya tsage an ɗaure shi da waya. Na sa shi a cikin doguwar jakar da na zo da raket, na riƙe ta a kan cinyata kamar yadda na taho. Muna isa Birnin Ƙonni, kafin in nemi abinci, na koma gefe inda babu hayaniyar masu talla na kira mai horarwar. Ya saurare ni har na gama, ya tambayi shekarun yaron da hannun da yake bugawa da shi, sannan ya ce in same shi a fili ranar Asabar bayan la'asar, in zo da wasiƙar da katakon.